Christopher Cockerell (1910-1999): Mutumin Da Ya Ɗora Jirgi Kan Iska

Gabatarwa

A wani darasin fassara da muka yi a aji uku, malaminmu ya ba mu sunayen abubuwan hawa, ya ce kowa ya samo musu Hausa. Da muka iso kan wanda Turawa suke kira hobakiraf, sai aji ya rabu uku. Wasu suka ce jirgin ruwa ne, tunda yana ƙetare teku. Wasu suka ce jirgin sama ne, domin cikinsa ba ya taɓa ruwan. Sauran kuwa suka ce ai mota ce, don yana hawowa tudu da mutane a ciki. Ni da na tashi a bakin Kogin Binuwai, na kuma sha ganin yadda yashi yake riƙe kwalekwale da rani har sai an sauka an tura, abin ya tsaya mini a rai. Wannan ne ya sa na bi tarihin wanda ya ƙirƙiro shi. A wannan ɗan rubutu zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai rayuwarsa, da yadda rashin sanin ajin da za a sa abin da ya ƙera ya kusa binne aikinsa.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Christopher Cockerell ranar 4 ga watan Yuni, 1910, a garin Kambirij na ƙasar Ingila. Gidansu gidan littafi ne da zane. Mahaifinsa, Sydney Cockerell, shi ne shugaban gidan adana kayan tarihi na Fitzwilliam, mahaifiyarsa kuma gwana ce wajen ƙawata littattafai da zane. Manyan marubuta sukan ziyarci gidan, amma yaron hankalinsa yana wajen ƙarfe da waya da inji. Mahaifin bai ji daɗin haka ba, har yakan ɗauki ɗan nasa kamar yaron gareji kawai. Duk da haka Christopher bai sauya hanya ba. Bayan ya gama makarantar Gresham's, ya shiga kwalejin Peterhouse ta Jami'ar Kambirij, ya karanta aikin injiniya.

Aikinsa A Kamfanin Marconi

A shekarar 1935 ya kama aiki da kamfanin Marconi, masu harkar rediyo. A 1937 ya auri Margaret Elinor Belsham, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a kan na'urorin rediyo masu nuna wa matuƙa jiragen sama hanya, ya kuma yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire fiye da 30 a wannan kamfani. A farkon shekarun 1950 ya ajiye aikin, ya yi amfani da gadon da matarsa ta samu ya sayi wani ƙaramin kamfanin hayar jiragen ruwa mai suna Ripplecraft a gabashin Ingila.

Gwangwani Biyu Da Ma'aunin Kicin

A nan bakin ruwa ne wata matsala ta dame shi. Duk jirgin da yake tafiya a ruwa, ruwan yana gugar jikinsa yana ja da shi baya, ga kuma igiyar da jirgin yake tayarwa da kansa. Idan aka ƙara gudu sai jan ya ƙaru, man da ake ƙonawa ya yi yawa. Sai ya yi tunanin raba jirgi da ruwa ta hanyar cusa iska a tsakaninsu. Ba shi ne farkon mai wannan tunani ba, domin tun 1877 John Thornycroft ya yi rajistar wata dabara mai kama da ita. Abin da ya gagari na baya shi ne yadda za a hana iskar zurarewa ta gefe.

Cockerell ya ɗauki gwangwanin abincin kyanwa ya sa cikin gwangwanin kofi, aka sami ɗan siririn wuri a tsakaninsu mai kama da zobe. Ya hura iska da inji ta wannan wuri zuwa kan ma'aunin kicin. Sai ya ga ƙarfin da iskar ta danna ma'aunin da shi ya ninka na hurawa ta bututu kawai kusan sau uku. Dalili kuwa shi ne, iskar da take fita ta zoben tana zama kamar labule a kewaye, ta tsare wadda take tsakiya, ita kuma ta taru ta zama matashi mai iya ɗaukar nauyi. A watan Disamba na 1955 ya shigar da takardar rajistar wannan dabara, kuma shi ya ƙirƙiro sunan da ake kiran jirgin da shi.

Shekarun Jira

Ya ƙera ɗan ƙaramin samfuri da itace mara nauyi, ya riƙa yawo da shi ofis-ofis a Landan yana nuna yadda yake shawagi a kan darduma. A nan ne gardamar ajinmu ta same shi, amma a hannun masu iko. Sojojin ruwa suna ganin jirgin sama ne, sojojin sama suna ganin jirgin ruwa ne, kowa yana tura shi wajen ɗan'uwansa. Abin da ya fi muni, gwamnati ta sa dabarar cikin asirin tsaro, ga shi ba ta ba da kuɗin ƙerawa ba. Ba shi da ikon tallata ta, har ta kai shi ga sayar da wasu kayansa don aikin ya ci gaba. Sai a 1958 aka cire takunkumin, hukumar gwamnati mai tallafa wa sababbin ƙirƙire-ƙirƙire ta ba kamfanin Saunders-Roe na tsibirin Wight kwangilar ƙera na gwaji.

Ƙetare Teku

Masu iya magana sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Ranar 11 ga Yuni, 1959, aka nuna wa jama'a jirgin farko mai suna SR.N1. Ranar 25 ga Yuli kuma ya ƙetare mashigin teku daga Calais ta Faransa zuwa Dover ta Ingila cikin awa 2 da 'yan mintoci. An zaɓi ranar ne domin ta cika shekara 50 da Louis Blériot ya ƙetare wannan mashigi da jirgin sama. Cockerell yana cikin tafiyar, kuma aikinsa shi ne matsawa daga wannan gefe zuwa wancan don nauyin jikinsa ya daidaita jirgin.

Sai dai jirgin farko kaɗan yake ɗagawa sama, saboda haka igiyar ruwa mai ɗan tsawo tana iya tare shi. Maganin ya zo ne a farkon shekarun 1960, lokacin da injiniyoyi irin su Cecil Latimer-Needham suka kawo dabarar ɗaura wa jirgin siket na roba a kewaye. Siket ɗin yana riƙe iska mai kauri, idan ya gamu da dutse ko igiya sai ya lanƙwashe ya wuce, sannan ya koma yadda yake. Da wannan ne aka iya ƙera manya. A 1968 babban jirgi SR.N4 ya fara jigila tsakanin Ingila da Faransa, kuma bayan an ƙara masa tsawo yana ɗaukar mutum 418 da mota 60. A 1969 ma wata tawaga ta kawo ƙaramin irinsa Afirka ta Yamma, ta bi Kogin Kwara da shi, ta kai har yankin Tafkin Chadi.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1966 ya sauka daga kujerarsa a kamfanin da aka kafa don bunƙasa jirgin, saboda bai yarda da shirin haɗe masu ƙera shi wuri guda ba. Yana ganin rashin gasa zai kashe sababbin dabaru. A 1969 aka ba shi sarautar girmamawa ta Sir, a farkon shekarun 1970 kuma gwamnati ta biya shi fam 150,000 a kan haƙƙin ƙirƙirarsa. Idan aka dubi shekarun da ya ɓata da dukiyar da wasu suka samu, za a iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bai zauna ba, ya koma binciken yadda za a samu wutar lantarki daga igiyar teku. Ya rasu ranar 1 ga Yuni, 1999, a garin Hythe, saura kwana 3 ya cika shekara 89.

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a watan Oktoba na 2000, aka daina jigila da SR.N4. Yana shan mai da yawa, yana da ƙara, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994. Amma ƙanana suna nan suna kai mutane tsibirin Wight, sojoji da masu aikin ceto kuma suna amfani da su a taɓo da fadama da ƙanƙara, wuraren da mota take nutsewa, jirgin ruwa kuma yake maƙalewa.

Kammalawa

Abin da na koya a nan ya shafi darasinmu na harshe. Shekara uku dabarar Cockerell ta yi tana jira, kuma cikin dalilan har da cewa masu iko ba su da ajin da za su sa ta. Bahaushe kuwa da kalma guda, wato jirgi, yake kiran na ruwa da na ƙasa da na sama, sai ya ƙara bayani a gaba. Saboda haka a takardar da na miƙa wa malaminmu na rubuta jirgi mai matashin iska. Wanda yake da sunan da ya fi wannan dacewa a cikinmu, ina roƙon ya aiko wa wannan mujalla da shi a fitowa ta gaba.