Sarkin Katsina Ɗan Kasawa, Wanda Ya Kafa Gadon Sarauta a Maraɗi

Duk baƙon da ya zo Maraɗi ya ji ana kiran mai garin Sarkin Katsina, yakan tambayi dalili, tun da Birnin Katsina yana can ƙetaren iyaka cikin Nijeriya. Amsar tana cikin tarihin Ɗan Kasawa, Allah ya jiƙansa.

Ɗan Kasawa ɗan Sarkin Katsina Agwaragi ne, a gidan sarauta ya tashi. A shekarar 1807 rundunar jihadi ta ci Birnin Katsina, sarauta ta koma hannun Malam Umarun Dallaji. Sarki Magajin Haladu ya fita da jama'arsa zuwa Ɗankama, aka bi su can aka sake cin su. Labarin da aka gada daga magabata ya nuna cewa baƙin cikin wannan rana ne ya sa sarkin ya faɗa rijiya. A cikin wannan hali, babu birni, babu fada, sauran manyan Katsina suka naɗa Ɗan Kasawa. Sarautar da ya karɓa a ranar suna ce kawai da ƴan dawaki kaɗan.

Ya nufi gabas, ƙasar Damagaram, ya samu mafaka, daga baya ya zauna a Gafai. Shekara goma ko fiye ya yi yana zaman jira. Masu ba da tarihi sukan wuce waɗannan shekaru da sauri don babu yaƙi a cikinsu, alhali kuwa a nan ne aikin ya fi wuya. Riƙe mutanen da suka rasa gidajensu da gonakinsu, a ƙasar wani, har su ci gaba da faɗuwa gaban sarkin da ba shi da abin ba su, ba ƙaramin haƙuri yake bukata ba. Da jama'ar ta watse a Gafai, da gidan ya ƙare a can.

A lokacin Maraɗi ƙaramin gari ne cikin kwarin gulbi, ƙarƙashin wakilin sababbin masu mulkin Katsina, wani mai suna Mani. Wajajen 1819 Annan ƙasar, manoma da maharba waɗanda suka san dajin kamar tafin hannunsu, suka yi bore, suka kashe Mani, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wannan abu ne da ya kamata ƴan baya su riƙe: ba da yaƙi ya shiga Maraɗi ba, masu ƙasa ne suka kira shi.

Wurin ya dace da mai neman tsayawa a bakin iyaka. Gulbin Maraɗi yana ba da ruwa da fadama mai albarka, itatuwa sun rufe kwarin, ga kuma daji mai duhu a kudu wanda mahayin da bai san hanya ba yake shakkar shiga. Nan Ɗan Kasawa ya sauke kaya. Bai ɗauki wani sabon laƙabi ba, Sarkin Katsina ya ci gaba da amsawa, ya kuma tsara fada yadda take a birnin kakanninsa: Galadima, Ƙaura, Ƴandaka da Durbi, su ne rukunin da ke zaɓen sarki, ga Iya a kan sha'anin mata. A zuciyarsa Maraɗi zango ne kafin a koma gida, shi ya sa bai daina kai hari kudu ba har ƙarshen ransa. Katsinawa da suka warwatsu suka riƙa tarowa, malamai da maƙera da fatake, zango ya zama gari.

Ya rasu wajajen 1830 bai sake shiga Birnin Katsina ba. Rauda da ya gaje shi ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, a gaban rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ko wannan babban rashi bai tumɓuke abin da aka dasa ba. Ɗan Mari ya hau gado, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Mayaƙi, garuruwan biyu suka jingina da juna. A zamanin Ɗan Baskore ƙarfin Maraɗi ya kai inda dawakinta suke isa har ƙofofin Katsina.

Garin da Ɗan Kasawa ya zauna ba ya nan a yau. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tashi daga kwari aka hau tudu. Amma jama'a sun hau da sunayen unguwanninsu, Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci, masu sarauta kuma suka hau da rawunansu, aka sake gina fada, aka ci gaba da gaishe da mai ita da sunan Sarkin Katsina.