Konosuke Matsushita, Yaron Shagon Da Ya Kafa Kamfanin National

Dattawan Sabon Ibadan da na Kasuwar Bodija ba za su manta da rediyon National ba, wanda fatake da 'yan hatsi kan rataya a kafaɗa su kamo Kaduna ko London don jin labarin gida. Amma ba kowa ne ya san wanda ya kafa kamfanin ba. Sunansa Konosuke Matsushita, mutumin ƙasar Japan.

An haife shi ran 27 ga watan Nuwamba 1894 a wani ƙauye na lardin Wakayama, shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa mai gonaki ne, to amma sai ya shiga cacar farashin shinkafa, kasuwa ta juya masa baya a 1899, gida da gona duk suka salwanta. Saboda haka yana ɗan shekara 9 aka cire shi daga makaranta aka tura shi birnin Osaka neman abinci. Ya fara zama yaron shago wajen mai sayar da kaskon gawayi, daga nan ya koma shagon kekuna, sa'an nan a 1910 ya sami aiki a kamfanin lantarki na birnin.

A 1917 ya ajiye aikin, suka shiga ƙera mazaunin ƙwan lantarki a gidan haya, shi da matarsa Mumeno da ƙaninta Toshio Iue. Kaya suka ƙi shiga, har matar ta riƙa kai tufafinta jingina. Ana cikin wannan hali sai aka ba su kwangilar farantan gindin fanka guda 1,000. Da wannan suka farfaɗo, suka kafa kamfani a watan Maris 1918.

A 1923 ya ƙera fitilar keke mai batir wadda kan yi awa 30 ba ta mutu ba. Da dillalai suka ƙi karɓa, sai ya sa aka bi shagunan kekuna ana ajiye ta a kunne, ba a biya sai an gani da ido. Sunan National ya fito a 1927, rediyo kuma a 1931.

Halinsa ya bayyana a 1929, lokacin da ciniki ya faɗi a duniya, kaya suka taru masa a sito. An ba shi shawara ya sallami rabin ma'aikata, ya ƙi. Sai ya mai da aiki rabin yini, albashi kuwa cikakke, da sharaɗin kowa ya fita talla. Cikin wata biyu sito ya zama wayam. Alheri danƙo ne, domin bayan yaƙin duniya na biyu, da sojojin Amurka suka nemi raba shi da kamfanin, ƙungiyar ma'aikatansa ce ta tara sa hannu ta roƙa a bar musu maigidansu, aka kuwa bar shi.

Tun a 1932 ya shimfiɗa wa kamfanin shirin shekara 250, kashi goma, kowane kashi shekara 25. Manufarsa ita ce kaya su yawaita su yi araha kamar ruwan famfo, har talaka ya samu. Ya rasu ran 27 ga Afrilu 1989 yana da shekara 94.

A 2008 aka daina amfani da sunan National, kamfanin ya koma Panasonic. Daga baya ya haɗiye Sanyo, wanda shi Toshio Iue ya kafa, ya kuma ba da ƙarfi wajen batiran motoci masu aiki da lantarki, har ya haɗa gwiwa da Tesla a jihar Nevada ta Amurka. Shirin yaron shagon kuwa, sai shekarar 2182 zai cika.