UMAR ƊAN ABDUL'AZIZ: HALIFAN DA YA YARDA HARAJI YA RAGU



Tun ina yaro nake jin labarin fitilar Umar ɗan Abdul'aziz, Allah Ya yi masa rahama. Yana aikin jama'a da fitilar baitulmali, da baƙo ya soma tambayarsa lafiyar iyali sai ya hure ta ya kunna tasa. Ni kaina na sha ba da wannan labari. Amma da na zauna na bi wasiƙun da ya riƙa aika wa gwamnoninsa, sai na ga ashe mun riƙe ƙaramin abu mun saki babba. Wasiƙun nan su ne suka taɓa aljihun mutane: wa zai biya, nawa zai biya, wa kuma zai ci abin da aka tara. A nan ya yi abokan gaba.

An haife shi tsakanin shekara ta 61 da ta 63 bayan Hijira. Ɗan sarauta ne gaba da baya. Mahaifinsa Abdul'aziz ɗan Marwan ya yi kimanin shekara 20 yana gwamnan Masar, mahaifiyarsa kuwa Ummu Asim jikar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ce. A Madina ya yi karatu. Ya auri Fatima 'yar Halifa Abdulmalik, daga baya aka ba shi gwamnan Madina daga shekara ta 87 zuwa ta 93. A lokacin nan ɗan gayu ne na gaske, an san shi da tufafi masu tsada da turare, har takunsa ma kwaikwaya ake yi. Na kawo wannan ne don kada wani ya zaci talaka ne da ya hau mulki da haushin masu kuɗi. Cikin masu cin gajiyar tsarin ya tashi, ya san ta inda kuɗin ke shigowa da ta inda suke zurarewa.

Ya zama halifa a watan Safar na shekara ta 99, daidai da 717 Miladiyya, bayan rasuwar Sulaiman ɗan Abdulmalik. Da gidansa ya fara. Gonar Fadak, wadda ta zo hannunsa ta wajen kakansa Marwan, ya mai da ita yadda take a zamanin Manzon Allah (SAW). Ya ba matarsa zaɓi tsakanin zama da shi da kuma kayan adon da mahaifinta ya ba ta. Ta zaɓe shi, aka kwashi kayan aka kai baitulmali. Sai da ya share nasa ɗakin sannan ya juya ga dangi, ya soma karɓe gonaki da dukiyoyin da aka ƙwace yana mayar wa masu su.

To, a nan rigima ta tashi. Banu Umayya suna da hujjarsu, kuma in ka saurara sai ka ji kamar zancen yau. Sun ce halifofin baya ne suka ba su, suna da takardu, soke kyautar kuwa zubar da mutuncin iyaye ne, don haka ya gyara gaba ya bar baya. Har gwaggonsa Fatima 'yar Marwan suka tura masa. Ya girmama ta, amma bai janye ba. A wajensa daɗewar haƙƙin wani a hannunka ba ta mai da shi naka. Ta ɗaya gefen kuma ɗansa Abdulmalik yana matsa masa, yana ganin uban na jan ƙafa. Umar ya nuna masa cewa in aka ɗora wa mutane gaskiya gaba ɗaya a rana guda, gaba ɗaya za su ture ta. Ka ga dai tsaka mai wuya: waɗansu na cewa ya yi yawa, ɗan cikinsa na cewa ya yi kaɗan.

Babbar matsalar kuwa jiziya ce. A shari'a wanda ya musulunta jiziya ta faɗi a kansa. Amma da mutanen ƙasashen da aka buɗe suka yi ta shiga Musulunci, kuɗin shiga suka soma raguwa, sai waɗansu gwamnoni suka ci gaba da karɓa daga hannun sababbin Musulmi. Imam Ɗabari ya kawo cewa wani mutum mai alkunya Abus Saida ya zo cikin tawagar Khurasan ya gaya wa Umar cewa akwai mawali, wato Musulmin da ba Larabawa ba, mutum 20,000 da ke fita yaƙi ba albashi ba guzuri, da kuma kwatankwacinsu da suka musulunta amma ba a daina karɓar haraji a kansu ba. Duba da kyau ɗan uwa: su ne ke biya, su ne ke zubar da jini, ranar rabo kuma ba sunansu.

Umar ya rubuta wa gwamnan Khurasan, Jarrah ɗan Abdullahi, cewa duk wanda ya fuskanci alƙibla a cire masa jiziya. Mutane suka yi ta shigowa. Aka ba Jarrah shawarar ya gwada su da kaciya, wai gudun haraji ne ya kawo su. Umar ya hana, daga baya ma ya sauke shi. Daga Masar ma mai kula da haraji, Hayyan ɗan Shuraih, ya rubuto yana kukan cewa musuluntar mutane ta karya jiziya. Amsar da ya samu ita ce Allah Ya aiko Annabi ne don shiryarwa, bai aiko shi tara haraji ba.

Kada mu yi wa gwamnonin nan rashin adalci. Akwai sojoji da ke jiran albashi, akwai iyakoki da za a tsare. Umar ya san da haka, shi ya sa ya bambance harajin kai da harajin ƙasa. Na kai yana faɗuwa da Musulunci. Ƙasar noma da aka buɗe kuwa dukiyar al'umma ce baki ɗaya, har waɗanda ba a haifa ba, don haka harajinta na nan. Daga shekara ta 100 ya hana sayar da irin wannan ƙasa, domin manya sun koyi dabarar saye ta su mai da ita mai biyan ushiri kawai, baitulmali ya yi asara, nauyi ya koma kan ƙaramin manomi. Ya kuma rage kashewa: ya dawo da rundunar Maslama da ta daɗe tana kewaye da Ƙusɗanɗiniya cikin yunwa.

Sannan ya bi 'yan ƙananan tatsa ɗaya bayan ɗaya. A wasiƙarsa ga Abdulhamid, gwamnan Kufa, ya soke gaisuwar bukukuwan Farisawa na Nairuz da Mihrajan, da kuɗin takarda, da kuɗin aure, ya kuma hana a ɗora wa gonar da ta mutu harajin rayayya. A Yaman ya soke ƙarin harajin da Muhammad ɗan Yusuf, ɗan uwan Hajjaj, ya ƙaƙaba wa mutane.

Ina kuɗin suka riƙa tafiya? Abu Ubaid ya kawo a Kitabul Amwal cewa da Abdulhamid ya biya mutane rabonsu aka sami saura, Umar ya ce a biya wa masu bashin da ba na almubazzaranci ba. Aka sake samun saura, ya ce a aurar da samarin da ba su da halin sadaki. Da aka kuma samun saura, ya ce a ranta wa manoma masu biyan jiziya da suka gaza noma gonakinsu, don daula ba shekara ɗaya ko biyu take bukatarsu ba. Gwamnan Basra kuma, Adiyyu ɗan Arɗa, an umarce shi ya yanka wa tsofaffin da ba Musulmi ba, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, abin da zai riƙe su daga baitulmali. Wanda aka karɓa a hannunsa yana da ƙarfi, ba a yar da shi in ya tsufa.

Kowa ya san labarin mai rabon zakka a Ifriƙiyya da ya rasa matalaucin da zai karɓa, har ya sayi bayi ya 'yanta. Ni abin da nake gani, shekara biyu da wata biyar ba su isa a ƙirƙiro sabuwar dukiya ba. Dukiyar tana nan tun da can, hanyarta aka sauya. Wannan shi ne abin da aya ta 7 a Suratul Hashri ta yi nuni da shi, kada dukiya ta zama tana zagayawa tsakanin mawadata kawai.

Ya rasu a Rajab na shekara ta 101 a Dairu Sim'an, cikin ƙasar Sham, yana da kimanin shekara 40, kuma masu tarihi da dama sun ambaci cewa guba aka sa masa. Abin da ya bar wa 'ya'yansa kaɗan ne ƙwarai. Yazid ɗan Abdulmalik da ya gaje shi ya maido da harajin Yaman. Ya ce zai mayar wa 'yar uwarsa Fatima kayan adonta, ta ƙi karɓa. A yankin Samarƙand, wajen shekara ta 110, aka sake yi wa mutane alkawarin cire jiziya, suka musulunta, aka saɓa, suka ɗauki makami. Daga Khurasan ɗin nan ne kuma guguwar Abbasiyawa ta taso ta kifar da Banu Umayya a shekara ta 132.

Shi ya sa in ana musun haraji nake tuna shi. Mai cewa hukuma na bukatar kuɗi bai yi ƙarya ba. Amma sai ya gaya mana a wuyan wa nauyin zai sauka, sunan wa ke cikin littafin rabo, kuma shi da gidansa me suka fara ajiyewa. Tambayar nan ba ta masu mulki kaɗai ba ce. Mai riƙe da asusun masallaci ko na ƙungiya, da wanda gādon marayu ke hannunsa, duk ta shafe su.

Allah Ya jiƙan Umar ɗan Abdul'aziz, Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa, Ya tsare mu daga cin haƙƙin da ba namu ba. Amin.