Malam Sa'adu Zungur: Malamin Da Ya Mayar Da Waƙa Makami

Ran nan a aji, a nan Kpébié, muna darasin tarihi sai wani yaro ya ɗaga hannu. A wayar yayansa ya ga baƙaƙen fatar Amurka na shekarun 1960 suna jerin gwano suna waƙa, 'yan sanda na sakar musu karnuka. Yana so ya san ko mu Hausawa mun taɓa yin irin wannan waƙa, ko kuwa tamu duk ta yabon masu kuɗi ce. Sunan da ya faɗo mini nan take shi ne Malam Sa'adu Zungur.

An haife shi a Bauchi wajejen 1915, a gidan malamai. Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, sannan ya shiga boko har Kwalejin Katsina. A 1934 ya tafi Kwalejin Yaba da ke Legas, kuma ana lissafa shi a matsayin ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Bayan ya dawo ya koyar da ma'aikatan lafiya a Kano da Zariya. Ke nan ɗan'uwanmu ne a sana'a, shi ma ya sha ƙurar alli.

Sai dai Malam Sa'adu bai iya ganin zalunci ya yi shiru ba. A lokacin, Turawan Ingila na mulkin Arewacin Najeriya ta hannun sarakuna da En'e. Talaka ya biya haraji da jangali, a sa shi aikin dole, in ya buɗe baki kuma a kai shi gaban alkali. Ciwon ƙirji ya mayar da Malam Bauchi, amma bai kwanta ba. A farkon shekarun 1940 ya shiga zaman muhawara na 'yan boko tare da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ake yi wa hukuma tambayoyin da ba ta saba ji ba. Daga baya ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe a Legas, kuma da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, tunaninsa na cikin tubalan da aka gina ta da su.

Inda ya fi barin suna shi ne rubutacciyar waƙa. A Waƙar Bidi'a ya soki al'adun da aka cusa cikin addini ana cutar mutane da su. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa, sarakuna ya fuskanta. Bai nemi a tumɓuke su ba. Ya gargaɗe su ne cewa in ba su gyara ba, in aka bar jahilci da bara da danniya suka ci gaba, abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947 zai same su. Waƙar ta tayar da ƙura har Mudi Sipikin ya mayar da martani da tasa, yana ganin jumhuriya kaɗai ce mafita.

Me ya sa waƙa? Don yawancin mutane ba su karanta jarida. Amma baiti mai ƙafiya, in an rera shi sau biyu a kasuwa, ya zauna a kai. Ana iya ƙwace takarda, ba a iya ƙwace abin da aka haddace. Dabarar ke nan da baƙaƙen Amurka suka yi amfani da ita tun daga ƙaurace wa motocin haya a Montgomery a 1955, suka ɗauko waƙoƙin coci suka kai su titi. Shi kuma Malam ya ɗauko salon wa'azi na su Shehu Usmanu da Nana Asma'u ya kai shi fagen siyasa.

Ya rasu a watan Janairun 1958, bai ga 'yancin Najeriya na 1960 ba, shekarar da mu ma Dahomey ta sami nata, ɗan Parakou kuma malamin makaranta, Hubert Maga, ya zama shugaba. Yau akwai jami'ar jihar Bauchi da ke ɗauke da sunan Malam Sa'adu.

To amma fa abin da ya yi kuka a kai bai gushe ba. Ina ganin almajirai da robobi a bakin tasha. A ajina, duk shekara sai na rasa yarinya ɗaya ko biyu, an cire su daga lakwal don talla ko aure. Mawaƙanmu kuwa, in ban da ƙalilan, sai lokacin zaɓe ake jin muryarsu, suna wasa wanda ya fi ba da kuɗi.

Shi ya sa na ba yaran aikin gida: kowa ya rubuto baiti huɗu a kan abin da ke damun unguwarsu, da Hausa ko Dendi ko Bariba, ba dole sai Faransanci ba. Wata yarinya ta rubuto nata a kan ƙawarta da aka aurar bara. Na nemi izininta zan karanta shi a taron iyayen yara mai zuwa. Allah ya jiƙan Malam Sa'adu, ya kai haske kabarinsa.