Walther Meissner: Ma'aikacin gwamnatin da ya gano yadda ƙarfe ke korar maganaɗisu

An haifi Walther Meissner a birnin Berlin na ƙasar Jamus ranar 16 ga Disamba, 1882. Ya karanci injiniyanci da kimiyyar fiziks, sannan ya yi digirin digirgir a 1907 ƙarƙashin kulawar Max Planck, wanda ya aza harsashin ilimin kwantam. Bayan shekara guda ya kama aiki a cibiyar gwamnati mai kula da ma'aunai a Berlin, inda ya shafe shekara 26.

A 1911 ne wani masanin Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya gano cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, wutar lantarki na ratsa ta ba tare da wata tirjiya ba. Sai dai irin wannan sanyi ba ya samuwa sai da iskar hiliyom da aka mayar ruwa. Don haka Meissner ya duƙufa daga 1922 zuwa 1925 wajen haɗa na'urar yin hakan, wadda ta zama ta uku a duniya.

Haƙurin ya biya a 1933. Shi da abokin aikinsa Robert Ochsenfeld suka auna kuza da dalma a cikin wannan sanyi, suka ga ƙarafan na korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsu. Wannan kora ce ke iya ɗaga ƙarfen ya tsaya a sarari, babu igiya babu madogara, kuma har gobe da sunansa ake kiranta.

A 1934 ya zama farfesa a Munich. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shugabanci Cibiyar Kimiyya ta Bavaria, ya kuma kafa sashen binciken matsanancin sanyi wanda yau yake garin Garching yana ɗauke da sunansa. Ya rasu a Munich a watan Nuwamba, 1974, yana da shekara 91.

A yanzu masana a Suwidin da Ostiriya na amfani da abin da ya gano wajen ɗaga ƙwayoyin gaurayen dalma da kuza, waɗanda kaurinsu bai wuce na silin gashi ba. Da yake ƙwayar ba ta taɓa komai, girgiza ba ta cika damunta ba. Burinsu shi ne su gano ko dokokin kwantam, waɗanda aka sani a kan ƙwayoyin zarra, za su bayyana a kan abu mai nauyi kamar wannan.