Bud Fowler: Gwanin besbol da ya ƙare rayuwarsa a ƙananan gasanni

An haifi John W. Jackson, wanda aka fi sani da Bud Fowler, a shekarar 1858 a jihar New York ta Amurka, kuma ya tashi a garin Cooperstown. Mahaifinsa mai aski ne, shi ma ya gaji sana'ar, ita ce ta riƙa rufa masa asiri idan wasa ya tsaya.

A 1878 ya buga wa wata ƙungiya ta garin Lynn wasa, abin da ya sa masana tarihi ke ɗaukarsa baƙar fata na farko da ya ci abinci da besbol. A 1884 ya shiga ƙungiyar Stillwater ta jihar Minnesota, a gasar Northwestern League, ɗaya daga cikin ƙananan gasannin yanki na farko. Rashin kuɗi ya durƙusar da ƙungiyar kafin kakar wasan ta ƙare, gasar ma ta shuɗe bayan 'yan shekaru.

Daga nan ya yi ta sauya gari, daga Keokuk zuwa Topeka har Binghamton. Inda talaucin ƙungiya bai kore shi ba, launin fatarsa ya kore shi. A 1887 yana cikin gwanayen Binghamton, amma abokan wasansa fararen fata suka ƙi shiga fili tare da shi, dole ya bar ƙungiyar.

Da ƙofofi suka rufe, shi da Grant Johnson suka kafa ƙungiyar baƙar fata ta Page Fence Giants a jihar Michigan, wadda ta fara wasa a 1895.

Ya rasu a 1913 cikin talauci, kabarinsa kuma bai sami alama ba sai 1987. A 2022 aka shigar da sunansa zauren karrama gwarazan besbol da ke Cooperstown.