Misora Hibari: Mawaƙiyar Japan da masoya, 'yan daba da hukuma suka yi rububinta

A ranar 13 ga Janairun 1957, ana tsakiyar wasa a babban zauren Kokusai da ke unguwar Asakusa a birnin Tokiyo, wata budurwa ta matso kusa da Misora Hibari ta watsa mata asid. Budurwar shekarunta 19, daidai da na mawaƙiyar, kuma tana cikin masoyanta na ƙin ƙarawa, sai dai son ya rikiɗe mata ya koma hassada. Hibari ta ƙone, amma Allah ya taƙaita, bayan 'yan makonni ta koma dandamali. Shekara guda kafin wannan, a Janairun 1956, turmutsitsin masu son shiga kallonta a Osaka ya yi ajalin mutum ɗaya, wasu suka jikkata.

A wancan zamani Japan ba ta fara amfani da kalmar aidoru ba a yadda ake amfani da ita yau, wato matashiyar mawaƙiyar da kamfani ke renonta, yana sayar da kusancinta ga masoya kamar yadda yake sayar da faifanta. Amma duk abin da wannan sana'a ta zo ta shahara da shi, daga yarinyar da ake ɗora wa nauyin ciyar da manya har zuwa masoyin da ke ganin yana da haƙƙi a jikin tauraruwarsa, an fara ganinsa ƙarara a rayuwar wannan mata.

'Yar mai kifi

Sunanta na yanka Kato Kazue. An haife ta ranar 29 ga Mayun 1937 a gundumar Isogo ta birnin Yokohama. Mahaifinta Masukichi mai sayar da kifi ne, kuma an ɗauke shi aikin sojan ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar da ta cika shekara 8, wato 29 ga Mayun 1945, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 sama da 500 suka yi wa Yokohama luguden wuta, dubban mutane suka halaka.

Mahaifiyarta Kimie ce ta fara gane cewa akwai arziki a maƙogwaron yarinyar. Yaƙi na ƙarewa ta haɗa mata 'yar ƙungiyar makaɗa da kuɗin gida, ta shiga yawo da ita zaure zaure. Tana da shekara 9 ta shiga gasar waƙa ta gidan rediyon ƙasa, NHK, alƙalai suka ƙi ta, ba don ta kasa ba, sai don a ganinsu bai dace ƙaramar yarinya ta rera waƙar manya da irin wannan ƙwarewa ba. Wannan ƙyama ta masu ilimi ta daɗe tana binta. Marubucin waƙoƙi Sato Hachiro ya fito a jarida a 1950 ya siffanta ta da abin ƙyama. Su kuwa talakawan da ke zaune cikin kangon gidaje suna sayen abinci a kasuwar bayan fage ba su nemi shawarar kowa ba kafin su so ta.

A 1947 motar da ta ɗauko su ta yi hatsari a tsaunukan Kochi, ta sha da ƙyar. Ba da jimawa ba ta ɗauki sunan da duniya ta san ta da shi: Misora na nufin kyakkyawan sararin sama, Hibari kuma sunan wani ɗan tsuntsu ne mai rera kuka yana hawa sama. A 1949, tana 'yar shekara 12, kamfanin Nippon Columbia ya fitar da faifanta, kuma fim ɗin Kanashiki Kuchibue ya nuna ta a matsayin marainiyar yaƙi, sanye da baƙar kwat da doguwar hula irin ta Turawa. Faifan waƙar ya yi cinikin kusan 450,000, adadi mai ban mamaki a ƙasar da ke ƙarƙashin mamayar sojojin Amurka. Tokyo Kid ya biyo baya a 1950, shekarar da ta je Hawai da Amurka yin wasa, sai Ringo Oiwake a 1952, shekarar da mamayar ta ƙare.

Kawu na Kobe

A nan ne ya kamata mai karatu ya tambayi wanda ke karɓar kuɗin ƙofa. A Japan ta bayan yaƙi, harkar shirya wasanni a garuruwa tana hannun yakuza, ƙungiyoyin 'yan daba masu shugabanci da ofisoshi da yankunan iko. Duk mawaƙin da zai zagaya ƙasa sai ya bi ta hannunsu, domin su ke da zaure, su ke sayar da tikiti, su ke kuma tsare ƙofa. A 1948 aka gabatar da Hibari a Kobe ga Taoka Kazuo, shugaba na uku na ƙungiyar Yamaguchi-gumi, mutumin da ya ɗauki 'yar ƙungiyar da ke juya 'yan dakon tashar jiragen ruwa ya mayar da ita mafi girma a ƙasar. Ta ɗauke shi kamar kawu, shi kuma ya zame mata garkuwa har ƙarshen rayuwarsa.

Garkuwar tana da farashi, kuma wanda ya ƙi saye ya san abin da zai same shi. A Janairun 1953 yaran Yamaguchi-gumi suka afka wa fitaccen jarumin fim Tsuruta Koji a wani masauki a Osaka suka ji masa rauni, harin da aka danganta da ƙin amincewar ɓangarensa da tayin ƙungiyar. Duk mai sana'ar nishaɗi ya fahimci saƙon. A 1957 Taoka ya yi wa sashen nishaɗin ƙungiyar rajista da sunan Kobe Geinosha, a 1958 kuma aka kafa kamfanin Hibari Production yana cikin manyansa. Harin asid ya ƙara ba dangin hujjar cewa 'yarsu na bukatar masu tsaro irin nasa.

Masoyan da ke cika zauren kuwa galibinsu 'yan mata ne da samari da aka kwaso daga ƙauyuka bayan sun gama makarantar sakandare ta farko, aka zuba su a masaƙu da shaguna da gidajen masu hali. Daga ɗan albashinsu suke sayen tikiti da mujallu irin su Heibon. A ganina wannan shi ne ɓangaren labarin da aka fi tsallakewa: guminsu ne ya bi ta ƙofar zaure ya shiga aljihun ƙungiyar da a lokacin take faɗaɗa ikonta da bindiga a faɗin ƙasa. Sun ga kansu a cikin 'yar mai kifin da ta fi ƙarfin masu raina ta, kuma ba za a ce sun yi kuskure a kan baiwarta ba. Ɗan jarida Takenaka Ro ya rubuta littafi a 1965 yana kare ta a kan wannan hujja, cewa ita ce muryar talaka da 'yan boko suka ƙi saurara.

Ita kanta ba ta taɓa fita daga hannun manya ba. 'Yan jarida sukan kwatanta ta da mahaifiyarta da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Ta auri jarumin fim Kobayashi Akira a 1962, suka rabu a 1964, kuma Taoka ya zauna tare da su a gaban 'yan jarida wajen sanar da rabuwar. Daga baya ta bayyana cewa ba a ma taɓa yi wa auren rajista a hukumance ba. A wannan shekara ta gasar Olamfik ta Tokiyo ta fitar da Yawara, waƙar da ta shafi kokawar judo, wadda ta ci babbar lambar yabo ta faifan ƙasa a 1965.

Shekarar da aka rufe mata ƙofa

Shirin Kohaku na NHK, wanda ake yi a daren shiga sabuwar shekara inda mata mawaƙa ke karawa da maza, shi ne ma'aunin daraja a Japan. A 1963 sama da kashi 80 cikin ɗari na gidaje masu talabijin a yankin Tokiyo sun kalle shi. Daga wannan shekara har zuwa 1972, shekara goma a jere, Hibari ce ke rufe wa ɓangaren mata.

Amma tun 1964 'yan sanda suka ƙaddamar da farautar shugabannin yakuza, iska ta fara juyawa. A 1973 guguwar ta iso gidanta ta hanyar ƙanenta Kato Tetsuya, wanda ke fitowa a wasanninta. An sha kama shi, kuma ta tabbata cewa yana da matsayi a wani reshe na Yamaguchi-gumi. Zauruka mallakar ƙananan hukumomi suka gindaya sharaɗi: ko a cire shi daga wasa, ko a hana ta wuri. Ita da mahaifiyarta suka kafe a kan cewa jini ya fi ruwa kauri. Aka soke wasanni a garuruwa da dama, kuma a ƙarshen shekarar sunanta bai fito a jerin Kohaku ba.

Hukumomin suna da hujja, domin wurin da aka gina da harajin jama'a bai kamata ya zama kasuwar 'yan daba ba, kuma taurin kan dangin bai cancanci yabo ba. Sai dai alaƙarta da Taoka ba sirri ba ce, ta kai shekara ashirin da biyar a bainar jama'a, kuma a tsawon wannan lokaci kamfanonin faifai da na fim da gidajen talabijin sun ci riba da ita ba tare da sun ga aibu ba. Da lokacin tsarkake kai ya zo, mace guda aka ɗora wa laifin tsarin da kowa ya ci moriyarsa. Masoyanta ba su gudu ba. Sun ci gaba da cika zaurukan 'yan kasuwa, kuma a 1979 NHK ta gayyace ta Kohaku a matsayin baƙuwa ta musamman. Ta je sau ɗaya tak, ba ta sake komawa ba.

A tsakiyar wannan wariya ne, cikin Agustan 1974, ta amsa gayyatar bikin waƙoƙin zaman lafiya na farko a Hiroshima, ta rera Ippon no Enpitsu, waƙar adawa da yaƙi mai tuna safiyar da aka jefa bam ɗin nukiliya. Waƙar ba ta yi kasuwa ba, amma Hibari ta riƙa lissafa ta cikin waɗanda ta fi so, kuma ta koma Hiroshima ta sake rera ta a 1988 tana fama da ciwo. Matar da jaridu suka zana a matsayin 'yar gaban goshin 'yan daba ita ce dai yarinyar da ta ga garinsu yana ci da wuta ranar zagayowar haihuwarta.

Ƙarshe

Cikin Yulin 1981 Taoka ya mutu, bayan kwana shida mahaifiyarta ta bi shi. Ƙawarta Eri Chiemi, wadda suka yi tashe tare da ita da Yukimura Izumi a matsayin taurari uku na shekarun 1950, ta rasu a 1982. Tetsuya ya rasu a 1983, ɗaya ƙanen nata a 1986. Giya da taba suka cike gurbin. A Afrilun 1987 aka kwantar da ita a Fukuoka da ciwon hanta da lalacewar ƙashin ƙugu, mutane da yawa suka ɗauka ta gama.

Ranar 11 ga Afrilun 1988 ta tsaya a gaban mutum 50,000 a Tokyo Dome, wanda aka buɗe wata guda kafin nan, ta rera waƙa 39. An ajiye mata gado da likita a bayan dandamali. Masu kallo sun ga sarauniya ta dawo, kamfani kuma ya ga dama, aka jera mata wasanni a faɗin ƙasa. Na ƙarshe shi ne na Kokura ranar 7 ga Fabrairun 1989. Ta rasu a asibitin Juntendo da ke Tokiyo ranar 24 ga Yunin 1989 sakamakon ciwon huhu, tana da shekara 52, watanni kaɗan bayan mutuwar Sarki Hirohito, shi ya sa Japanawa ke haɗa mutuwarta da rufewar zamanin Showa. Kimanin mutum 42,000 suka halarci taron bankwana da ita. A watan Yuli gwamnati ta ba ta lambar girmamawa ta al'umma, mace ta farko da ta samu, shekara 16 bayan an hana ta zaurukan hukuma. Ta bar waƙoƙi kusan 1,500 a faifai da finafinai sama da 150.

Wanda ya rubuta baitocin waƙarta ta ƙarshe, Kawa no Nagare no Yo ni, shi ne Akimoto Yasushi, mutumin da ya kafa ƙungiyar 'yan mata ta AKB48 a 2005, inda masoyi ya riƙa sayen faifai don ya samu tikitin musabaha da tauraruwa ko ƙuri'ar zaɓenta. Kusancin da budurwar Asakusa ta nema da asid a hannu ya zama haja mai farashi, kuma haɗarin bai gushe ba: a 2016 wani masoyi ya daɓa wa wata matashiyar mawaƙiya wuƙa a Koganei, lamarin da ya sa majalisa ta faɗaɗa dokar hana bibiya ta haɗa da saƙonnin kafafen sada zumunta.

Ko mutuwa ba ta sallame Hibari daga aiki ba. A 2019 NHK da kamfanin Yamaha suka horar da ƙirƙirarriyar basira da tsofaffin faifanta, suka sa muryarta ta rera sabuwar waƙa mai suna Arekara, wadda Akimoto ya rubuta. Wasu tsofaffin masoya sun yi kuka a gaban hotonta na kwamfuta, mawaƙi Yamashita Tatsuro kuma ya kira abin cin zarafin mamaciya. An nuna ta ranar 31 ga Disambar 2019 a Kohaku, shirin da ta shafe kusan shekara goman ƙarshe na rayuwarta ba ta taka ba.